Mura da Hawan Jini: Jan Kunne ga Samari da 'Yan Mata

Jama'a, in hunturu ya kama, ƙura ta tashi, mura takan bi gida-gida. Tun shigowar korona Nijeriya a Fabrairun 2020, ma'aikatan lafiya ke ta nanata cewa ƙwayar cutar da ke kama hanci da huhu ba a nan take tsayawa ba, takan taɓa zuciya da jijiyoyin jini. Zazzaɓi kan sa zuciya bugawa da sauri. In mutum ya yi ta gumi bai sha ruwa ba, jini ya yi ƙasa, da ya miƙe jiri ya ɗebe shi.

Amma abin da ya fi ɗaga hankali shi ne shan magani barkatai. Saurayi zai tsaya gaban mai kemis ya ce, "Haɗa mini na mura mai ƙarfi," a ƙulle masa ƙwayoyi a leda, ya watsa baki ya hau babur. Da yawan magungunan buɗe hanci suna ɗauke da sinadarin pseudoephedrine ko phenylephrine, aikinsu tsuke jijiyoyin jini. Ku dubi mai noman rani a fadama. Inji yana turo ruwa, tiyo yana kaiwa kowane fangali salin alin. Yaro ya zo ya taka tiyon: ruwa ya matsu, inji ya kama gurnani, in an daɗe mahaɗa ta ɓalle. To zuciya ce injin, jijiya ce tiyon. Ga kuma ibuprofen da diclofenac da ake ƙarawa don ciwon jiki, suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, jini ya ƙara hawa.

Kada wani ya ce hawan jini ciwon tsofaffi ne. Wa ya gaya muku? Ɗan shekara 25 yakan kai 140 bisa 90 bai ji komai ba. Lafiya amana ce daga Allah, sakaci da ita kuwa abin tambaya ne gobe kiyama. Awon jini bai kai minti biyar ba a asibitin sha-ka-tafi, amma sai a yi ta ganda.

Sauran kuwa sananne ne. A sha ruwa, a huta, a ajiye ƙwallo da ɗaga ƙarfe sai jiki ya warware, domin ƙwayar cutar tana iya kumbura tsokar zuciya. A rufe baki wurin tari. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko numfashi na sarƙewa, a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.