Maganin Da Ya Zama Ubangida

Karatu: 1 Korintiyawa 6:12-20.

Wanda ya taɓa tsayawa da asuba a hanyar Sharada, ko Bompai, ko wajen majemun Challawa, ya ga samari suna tururuwa zuwa aiki. 'Ya'yanmu suna cikinsu. A aljihun waɗansu kuwa akwai ƙwayar da ake kira tiramol.

Bari mu fara da gaskiya: magani ba zunubi ba ne. Luka, abokin tafiyar Bulus, likita ne. An yi tiramol domin mai ciwo mai tsanani, kamar wanda aka yi wa fiɗa. Hukumar NAFDAC ta yarda da mai awo 50 da mai 100 kaɗai, da takardar likita. Amma wanda ake sayarwa a ɓoye yakan kai 225, yawancinsa daga Indiya. Lebura yakan haɗiye shi ba domin ciwo ba, sai domin ya ɗauki kaya yini guda bai ji gajiya ba. Gajiyar fa tana nan, rufe ta aka yi. Bayan 'yan makonni ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai huɗu. Ran da bai samu ba jiki ya hau rawa da gumi; ran da ya sha da yawa ya faɗi kamar mai farfaɗiya, wataƙila kusa da inji. Wannan ne Bulus yake nufi a aya ta 12, inda ya ƙi yarda wani abu ya mallake shi, ko da abin halal ne.

Mutane sukan ce wannan cuta ta Arewa ce. Ba haka ba ne. Binciken da gwamnati ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, na shekarar 2018, ya sami mutum miliyan 4.6 a Nijeriya masu shan irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba. In an haɗa dukan kayan maye, ƙasar Yarabawa ce gaba, da wajen 22 cikin ɗari. Arewa maso Yamma 12. Amma kada mu yi murna, gama Kano ita kaɗai 16 ce.

Bambancin da ya fi wannan shi ne ƙofar da abin yake shigowa. A Amurka da yawa sun kamu ta hannun likita, bayan da aka fito da OxyContin a 1996. A nan, ta hannun mai kemis da mai talla ne. Kuma ba a ma'aikata kaɗai ba: kodin, watau maganin tari, cikin gidaje ya shiga, har wurin matan aure, kafin gwamnati ta hana yinsa da shigo da shi a watan Mayu 2018.

Na taɓa tsauta wa wani saurayi na ekklesiyarmu a kan ƙwaya. Ya ce mini, "Baba Fasto, in ban sha ba ba na iya aikin dare, in ban yi ba a sallame ni." Na rasa amsa a ranar. Dattawa, ku karanta Yakubu 5:4 kafin ku hore irinsa. Kada kuma ku sa shi ya bari dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Ku raka shi Asibitin Dawanau ko na Malam Aminu Kano, likita ya rage masa kaɗan kaɗan.