Kwas Mai Araha na Intanet da Neman Aikin Rumbun Bayanai

Rumbun bayanai shi ne ma'ajiyar da banki ko asibiti ko hukuma ke tsara sunaye da lambobi cikin kwamfuta, yadda za a ciro abin da ake nema nan take. Lambar BVN da aka soma a 2014, da lambar NIN, duk cikin irin wannan rumbu ake ajiye su. Harshen da ake yi wa rumbun tambaya da shi kuwa ana kiransa SQL, an ƙago shi a kamfanin IBM na Amurka a shekarun 1970.

Matasa da dama suna sayen kwas mai araha a Udemy ko Coursera, suna tsammanin takardar kammalawa za ta kai su ga aiki. Lalle kwas ɗin yana da amfani, domin mai himma yana iya koyon tushen SQL cikin 'yan makonni. Amma takardar ba ta da nauyi ƙwarai. Udemy da kansa ya bayyana cewa shi ba makaranta ba ce da hukumar ilmi ta tantance.

Abin da mai ɗaukar ma'aikata yake dubawa shi ne aikin hannu. Akan ba mai nema jadawali biyu, na masu ajiya da na bashi, a ce ya haɗa su ya fitar da waɗanda ba su biya ba. Akan kuma tambaye shi yadda zai maido da bayanai in na'ura ta lalace. Wanda kallo kaɗai ya yi, a nan yake tsayawa cik. Saboda haka ya kamata ɗalibi ya sauke PostgreSQL ko MySQL, waɗanda kyauta ne, ya gina rumbun wani kanti ko makarantar unguwa, da sunayen ƙage, tun da dokar kare bayanai ta 2023 ta tsaurara sha'anin bayanan mutane.

Jarrabawar Oracle da ta Microsoft sun fi daraja, domin da mai sa ido ake zana su, sai dai kuɗinsu ya fi yawa.

A sani kuma, ba a danƙa wa sabon shiga rumbun banki. Yawanci daga shigar da bayanai ko shirya rahoto ake farawa, sau da yawa lokacin SIWES ko bautar ƙasa. Wanda ba shi da halin biya yana iya bincikar shirin 3MTT, wanda Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horar da mutum miliyan 3.