Girkin Gidan Yawa

Ƴar'uwata, na san nauyin da ke kanki idan la'asar ta yi sanyi kin ɗora sanwa, domin a gidan yawa irin namu na Nahuce da wuya bakin mutane ya zo ɗaya. Tsohuwa haƙora sun tafi, tuwon dawa mai laushi take so da miyar kuka ko karkashi. Maigida kuwa likita ya ce masa ya rage gishiri saboda hawan jini, ƙanensa mai gyambon ciki ba ya shiri da barkono, yara kuwa tun da suka ɗanɗani Indomie da taliya suka fara yi wa tuwo kallon raini. Ke kaɗai ce a madafa, ga hayaƙi, ga magariba na matsowa.

Abin da nake so ki fara koya shi ne rarrabe lalura da son rai. Mai ciwon suga da aka hana kayan zaƙi, da mai jego da ke bukatar abu mai ɗumi, da yaron da ake yayewa, da tsohon da ba ya iya tauna, duk waɗannan haƙƙinsu ne a kula da su ko da za ki ƙara wahala, domin lafiyarsu na cikin abin da kika zuba musu. Amma yaron da ya ture kwano don kawai miyar kuɓewa na da yauƙi, wannan lallashi yake bukata da haƙuri, ba tukunya ta biyu ba. In kika saba ɗora masa tasa daban yau, gobe ƙannensa za su nemi tasu, kuma ranar da babu, shi ne zai fi kowa shan wuya.

Iyayenmu mata sun daɗe da gano dabarar, kuma ba ta cin itace. Idan kin yi talge kina tuƙi, kafin ki zuba garin ƙarshe ki kwashe wa tsohuwa malmala biyu tun yana da ruwa-ruwa, ki rufe. Miya kuma ki haɗa ta da daddawa da albasa da ɗan busasshen kifi ko ƙashi, ta dahu sosai, sannan ki ɗebi ta marasa lafiya a ƙaramar tukunya ki ajiye gefen murhu kafin ki sa attarugu da gishiri a babbar. Ki tuna dunƙulen da muke murzawa a miya shi ma gishiri ne ya fi yawa a cikinsa, saboda haka wanda aka hana gishiri ba a cika masa dunƙule, daddawar kalwa mai kyau ita ce za ta riƙe masa ɗanɗano. Sauran kuwa a daka yaji a zuba a kwalba, mai so ya barbaɗa gwargwadon harshensa.

Ban ce ki hana yara abin marmari ba. Ki ware musu rana, ko Juma'a ce, a dafa shinkafa da wake da mai da yaji, wata rana ɗanwake, wata rana dambu da zogale, ko hoce da ƙuli, wanda mu Zamfarawa muka tashi da shi. Yaron da ya san ranarsa na zuwa yakan ci tuwon yau ba tare da ƙunƙuni ba. In kuna karɓa-karɓar girki da abokiyar zama, ki san abin da ƴaƴanta ba sa ci kamar yadda kika san na naki, domin gida yana lura da wannan ko bai faɗa ba.

Akwai kuma baƙi. Rashin tsaro ya sa ƴan'uwa da yawa sun baro ƙauyuka sun raɓu da dangi a Bungudu da Tsafe da Gusau, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin cefane bai ƙara kai inda yake kaiwa ba. Wanda ke zaune a gidan wani ba zai buɗe baki ya ce ba ya cin kaza ba, kunya ba za ta bar shi ba. Saboda haka ki riƙa duba kwanukan da aka dawo da su. In kin ga na wata baiwar Allah ya dawo kwana biyu a jere an ɗan gutsuri gefe kawai, ki dama mata fura, ki tambaye ta a keɓe, ba gaban mutane ba.

Kai kuma maigida, da kai nake yanzu. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Kada ka zauna a zaure kana kushe miya gaban ƙannenka, domin abin da suka ji daga bakinka shi za su maimaita wa matarka. In likita ya gindaya maka doka, ka zo ka faɗa mata dalla-dalla, kuma in dokar na bukatar acca ko ganye ko kifi, ka ƙara kuɗinsu a kan na cefane tun da safe.