Kafin Ka Ce "Allah Ya Nuna Mini"

A tarurrukan FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista da aka kafa a Gindiri a 1957, ba a rasa mai tambayar yadda zai san nufin Allah game da rayuwarsa. Sau da yawa mafarki yake jira, ko wata murya da dare. Shawarata ita ce ka bar jiran nan, ka duba yadda Nehemiya ya yi.

Labarin rushewar garun Urushalima ya iske shi a Shushan, yana hidimar miƙa wa sarki abin sha. Daga watan Kisle har Nisan, wajen wata huɗu ke nan, yana addu'a da azumi. Amma ranar da sarki ya tambaye shi me yake so, bai yi inda-inda ba. Ya faɗi tsawon lokacin da zai yi, ya nemi wasiƙun wucewa, ya nemi katako. Ashe yana durƙuso yana kuma lissafi. An gama sake gina garun cikin kwana 52.

To, kai ma ka shiga addu'a da tambaya takamaimai. "Ya Ubangiji, ka bishe ni" addu'a ce mai kyau, amma ta yi faɗi. Ka ambaci abin da ke gabanka: aikin jinya ko koyarwa, makarantar tauhidi yanzu ko bayan bautar ƙasa. Ka rubuta a littafi, ka keɓe lokaci kullum, ko da minti goma sha biyar ne kafin ɗakin kwana ya cika da hayaniya, wayar kuma tana nesa da kai. Ka riƙa karanta Littafi Mai Tsarki bi da bi. Buɗe shi da ka, a ɗora yatsa kan aya a ce amsa ta zo, wannan caca ce.

Sai gwaji, kuma a nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Abin da ya saɓa wa Maganar Allah ba daga wurinsa yake ba, komai daɗinsa a zuciya. Ba a roƙon jagora kan satar jarrabawa. Sannan ka kai abin da ka ji gaban wanda ya girme ka cikin bangaskiya, fasto ko dattijon ikilisiya ko malamar da ta san ƙoƙarinka a aji. Sama'ila da kansa sau uku yana jin kira yana ruga wa wurin Eli, sai da tsohon ya gane mai kiran. Ka zaɓi wanda zai iya ce maka a'a. Wanda kuwa ya ce sai ka ba da kuɗi kafin ya gano maka makomarka, ka yi masa sallama.

Kada ka raina abin da ke hannunka. Idan lissafi na zo maka da sauƙi, ko yara na natsuwa in kana koya musu a makarantar Lahadi, wannan ma magana ce.

In ƙofa ta rufe fa? An hana Bulus wa'azi a Asiya, an hana shi shiga Bitiniya, bai zauna ba, ya gangara Taruwasa, a can ne kiran Makidoniya ya same shi. Idan makin JAMB bai kai na likitanci ba, ka yi baƙin cikinka, sannan ka koma kan littafin nan naka ka sake tambaya: sake zama baɗi, ko canjin kwas? Ka sa wa kanka ranar yanke shawara, domin hukumar ba ta ɗage ranar rufe rajista don wani bai gama azumi ba.