Yadda Ake Auna Ƙungiyar Ƙwallo a Farkon Kaka

Da an buga mako uku ko huɗu na sabuwar kaka, shari'a ta ƙare a gidajen kallo da teburan masu shayi, daga Kaura Namoda har Shinkafi da Zurmi. Wannan ƙungiya kofi nata ne, waccan kuma a sallami kocinta tun bai kai ta gasar 'yan dagaji ba. Hujjar kowa ɗaya ce, teburin gasa da ya buɗe a waya. Ni kuwa a ganina babu shaida mai rauni kamar teburin farkon kaka, musamman a gasar Firimiyar Najeriya, domin yana zuba makin gida da na waje a buhu ɗaya, alhali ba farashinsu ɗaya ba. Mai son sanin gaskiyar Kano Pillars, ko Katsina United, ko Zamfara United ta Gusau, ko wata ƙungiyar Turai da yake so, ga hanyar da zai bi.

Da farko ka nemi littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro biyu, ja da shuɗi. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Manhajar Flashscore tana da amfani wajen duba sakamako, kuma ita na fi yarda da ita, amma a yankin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, littafi ne abin dogaro, ba ya neman caji.

Na biyu, ka kame bakinka sai an ci rubu'in kaka. Gasarmu ƙungiyoyi 20 ne, wasa 38 kowacce, don haka wasa tara zuwa goma ke nan. Ko a nan ɗin ma da taka-tsantsan. A kakar 2023/24 Tottenham ta tara maki 26 a wasa goma na farko tana jan ragamar teburin Ingila, ta ƙare ta biyar. A 2021/22 Arsenal ta sha kashi a wasa uku na farko ba ta ci ko ƙwallo ɗaya ba, har da 5-0 a hannun Manchester City, tana can ƙasan teburi, ita ma ta ƙare ta biyar. Crystal Palace kuwa wasa bakwai ta yi asara a jere a 2017/18 ba ta ga raga ba, amma ta ƙare ta 11. A wasan besbol na Amurka, inda ƙungiya ke buga wasa 162 a kaka, wasa goma ko sharar fage bai kai ba. Mu namu ya fi gajarta, shi ya sa kowane sakamako ke yi mana kama da ƙarshen zance.

Mataki na uku shi ne ainihin aikin, kuma a nan yawancin masu sharhi ke tuntuɓe. Ka raba shafi gida biyu, wasannin gida da shuɗin biro a dama, na waje da ja a hagu, kuma kada ka taɓa haɗa jimillarsu. Dalili shi ne a Najeriya cin wasan gida kusan al'ada ce. Kano Pillars ta yi shekara 12 ba a doke ta a gida ba a gasar lig, daga 2003 har 2015 lokacin da Nasarawa United ta ci ta 2-1 a filin Sani Abacha. A tsawon waɗannan shekaru kofi huɗu ta ɗauka, 2008, 2012, 2013 da 2014, ka ga ashe tsare gida kaɗai ba ya kawo kofi kowace shekara. Baƙo kan iso ne bayan doguwar tafiyar mota, daga Kano zuwa Aba ko Fatakwal, ya sauka da gajiya, ya tarar da filin da bai saba da shi ba da 'yan kallon da ba nasa ba, wani lokaci da alƙalin wasa da ihun jama'a ya riga ya yi wa nauyi. Maki ɗaya da aka ƙwato a irin wannan hali ya fi gaya maka ƙarfin ƙungiya a kan maki uku na gida.

Lissafin kansa ba wuya. Wasan gida 19 ne, ko ƙungiya ta cinye su duka maki 57 ne iyakarta. Rivers United da maki 77 ta ɗauki kofi a 2021/22, Enugu Rangers da 70 a 2023/24. Wato mai neman kofi dole ya samo aƙalla maki goma sha wani abu a gidajen mutane. A ɗauka bayan mako tara ƙungiya ta farko ta buga biyar a gida ta cinye, huɗu a waje ta sha kashi duka, maki 15. Ta biyu ta buga huɗu a gida, ta ci uku ta yi canjaras ɗaya, maki 10, sannan biyar a waje, ta ci ɗaya ta yi canjaras ɗaya, maki 4, jimilla 14. Teburi zai ɗora ta farko a sama. Amma ka raba makin kowane ɓangare da yawan wasanninsa, ka ninka sau 19. Ta farko za ta tsaya a 57, shi ma in har ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya a gida ba, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Ta biyu za ta kai wajen 63. Wadda ake zagin kocinta ita ce ke kan hanya. Ka kuma lura da kwantan wasa, domin ƙungiyoyin da ke buga gasar Afirka sukan bar wasanni a baya, sai teburi ya nuna su a ƙasa ba don gazawa ba.

Na huɗu, a gefen kowane sakamako ka rubuta matsayin da abokiyar karawa ta ƙare a bara. Cin sababbin shigowa uku a jere ba ɗaya ba ne da canjaras da Enyimba a Aba.

Na biyar, ƙwallaye. Kada rarar ƙwallo ta ruɗe ka idan rabinta daga wasa ɗaya ta fito, ka cire wasan da aka yi ruwan ƙwallaye ka sake ƙirgawa. Ka ware na fenareti daban. Ka duba sunayen masu ci, in mutum ɗaya ne ke ɗauke da kayan, rauninsa ɗaya ya isa ya rushe kaka. Abin da ya sami Tottenham ke nan a Nuwamban 2023, a wasa guda da Chelsea ta rasa James Maddison da Micky van de Ven ga rauni, aka kuma ba 'yan wasanta biyu jan kati, benci bai iya cike gurbin ba. Idan ka samu kallon wasa, ka riƙa jan ɗan layi a littafi duk lokacin da ɗan wasa ya samu damar da ya kamata ta shiga raga, tamu a dama, tasu a hagu. Ƙungiyar da ake kai wa hari goma gola yana ceto, ta tsira da 1-0, bashi take ci, kuma za ta biya.

Na shida, abin da ba ya cikin fili. Ana biyan albashi da alawus a kan kari? A ina ake buga wasan gida? A 2022 an cire wa Pillars maki saboda tarzoma, kuma a kakar ta faɗi daga gasar. A Oktoban 2025 an sake cire mata maki uku bayan wasa da Shooting Stars, aka mayar da wasanninta na gida filin Muhammadu Dikko a Katsina. Duk ƙungiyar da aka kora daga filinta, shafinta na shuɗin biro ya tashi aiki, sai a sake lissafi daga tushe.

Wani zai ce ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, ya kawo Leicester City ta 2015/16, wadda aka yi ta cewa za ta faɗo har ta ɗauki kofi. Gaskiya ne, alama takan bayyana da wuri. Tambayar ita ce ina za ka neme ta. Leicester ba ta sha kashi a waje ba sai ranar 26 ga Disamba a gidan Liverpool, kuma sau uku kacal aka doke ta a duk kakar. Mai littafi da jan biro da ya riga kowa ganewa. Wani kuma zai ce maki maki ne, ko a gida aka samo ko a waje. A ƙarshen kaka haka ne, babu musu. Amma mu ba rabon kofi muke yi ba, hasashen wasanni 28 da suka rage muke yi, kuma makin da aka samu a inda ya fi wuya shi ya fi nuna abin da ke tafe.

Gargaɗi ɗaya ba zan bari ba. Wannan lissafi na fahimtar wasa ne, ba na cacar ƙwallo ba. Babu littafin da zai gaya maka sakamakon wasan Lahadi, kuma matashin da ya kai kuɗin cefanen gida shagon caca don ya iya ninka lamba sau 19 ya cuci kansa da iyalinsa.

Don haka, ɗan'uwa, kafin ka ɗaga murya a majalisa ka ce a kori koci, ka buɗe shafin jan biro tukuna. In ka ga maki huɗu ko biyar a wasa biyar na waje, ka ba shi lokaci har zagaye na biyu. In kuwa sifili ne, ko da ƙungiyar tana saman teburi, damuwarka tana da tushe.