"Haka Muka Gada": Nazarin Hujjar Al'ada a Kan Matsayin Mace Bahaushiya

Gabatarwa

A duk lokacin da aka ta da maganar bambancin da ake nuna wa mata a ƙasar Hausa, amsar da aka fi ji ita ce, "Haka muka gada." Wasu kuma su ce addini ne ya tsara haka. Manufar wannan maƙala ita ce auna wannan amsa da ma'aunin tarihi, don a ga ko tana da tushe. Za a fi mayar da hankali ga 'yancin jefa ƙuri'a, domin shi ne aka daɗe ana hana matan Arewacin Nijeriya da sunan al'ada, sa'an nan aka ba su shi a kan idon mutanen da har yanzu suna raye.

Mace a Bakin Bahaushe

Mai neman hujjar ƙasƙanta mace ba zai sha wahalar samun ta a cikin karin magana ba. Bahaushe yakan ce, "Ƙarfin mata sai yawan magana," yakan kuma ce, "Mata dangin Shaiɗan." Irin waɗannan maganganu yaro yake tashi da su tun daga zaure, kafin ya san ma'anarsu sun zauna masa a zuciya. Sai dai wajibi ne manazarci ya tambaya: wane ne ya ƙirƙiri karin maganar, kuma a wane zama ake faɗar ta? Su ma mata suna da nasu, kamar "Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne," ga kuma tarin habaici da waƙoƙin niƙa da na daɓe, inda suke amayar da abin da ke damunsu game da miji da kishiya da uwar miji. Karin magana, ke nan, ra'ayin masu faɗar ta take ɗauke da shi, kuma bakin maza aka fi ji a wajen gida.

Mace a Tarihin Sarauta

Idan aka koma ga tarihi, sai a tarar da wani hoto dabam. Labarin kafuwar Daura ya nuna cewa mata ne, wato Magajiyoyi, suka riƙe garin kafin zuwan Bayajida. Tarihin Kano ya ambaci Amina ta Zazzau da yaƙe-yaƙenta har Nupe da Kwararrafa. A Gobir akwai sarautar Inna, wadda mai riƙe da ita take da fada da mabiya da ta cewa a sha'anin ƙasa. A shekarar 1899 Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Arewa ta Nijar, ta tari rundunar Faransa da yaƙi. Babu mai cewa dukan matan wancan zamani sun ji daɗi, domin akwai bauta, akwai auren dole. Abin da waɗannan misalai suka tabbatar shi ne, ganin mace a kan sha'anin jama'a ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe.

Hujjar Addini

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da suke karantar da almajirai a waje, amma su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa wa jajoji malfa, su shiga ƙauyuka suna koyar da mata ta hanyar waƙa. Daɗin daɗawa, shari'a ta yanka wa mace rabonta na gado, ta ba ta ikon mallakar dukiyarta ba tare da hannun miji ba. Amma sanannen abu ne cewa a ƙauyuka da dama akan raba gona tsakanin 'ya'ya maza, a sallami mata da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A nan al'ada ce ta danne addini, sa'an nan ta ari rigarsa.

Zamanin Turawa da Maganar Ƙuri'a

Mulkin mallaka ya ƙara faɗin ratar. An buɗe makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano a 1909 domin yara maza, amma makarantun 'yan mata na En'e ba su samu ba sai a 1930, a Kano da Katsina. Da siyasar jam'iyyu ta zo, sai aka ce mace ba za ta jefa ƙuri'a a Jihar Arewa ba. A zaɓen tarayya na 1959 matan Gabas da na Yamma sun yi zaɓe, na Arewa kuwa suna gida. Jam'iyyar NPC mai mulki ta tsaya a kan cewa al'ada da addinin jama'a ba su yarda ba. Jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a 1950, ta nemi a ba mata wannan haƙƙi, kuma shugabar matanta, Hajiya Gambo Sawaba (1933 zuwa 2001), ta sha duka da ɗauri sau da dama saboda wannan fafutika.

A nan ne ya kamata a leƙa tsallaken iyaka. Dokar da Faransa ta yi wa ƙasashen da take mallaka a 1956 ta ba dukan baligai, maza da mata, 'yancin zaɓe. Ta haka matan Maraɗi da Damagaram suka sami ƙuri'a shekara 20 kafin 'yan'uwansu na Katsina da Kano. Harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, al'adun aurensu ɗaya. Maraɗi ma Katsinawa ne suka kafa daularta bayan jihadi. Abin da ya raba su shi ne shawarar masu mulki. Matan Arewacin Nijeriya sun fara zaɓe ne a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, tsarin mulkin 1979 kuma ya tabbatar musu da shi. Ba a ji gidan da ya rushe saboda haka ba. Hasali ma, 'yan siyasar da iyayen gidansu suka yi adawa da abin su ne suka koma bin gida gida suna neman ƙuri'ar mata.

Abin da Ya Rage

Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya haramta nuna bambanci saboda jinsi, amma layin zaɓe ne kawai ya cika da mata, kujerun ba su cika ba. A watan Maris na 2016 Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin daidaita dama tsakanin maza da mata, kuma hujjar da aka kawo ita ce dai addini da al'ada. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta ƙi amincewa da ƙudurori 5 da suka shafi mata. Har zuwa zaɓen 2023 ba a taɓa zaɓen mace gwamna ba a ko'ina cikin Nijeriya.

Kammalawa

An ga cewa gadon Bahaushe ya ƙunshi karin maganar da ke raina mace, ya kuma ƙunshi Inna da jaji da Sarauniya. Wanda ya ce "haka muka gada" ya zaɓi wani sashe ne na gadon ya bar wani. Nauyin da ke kan masu nazarin Hausa shi ne su rarrabe abu uku da aka cakuɗa, wato umarnin addini da al'adar da aka gada da kuma son zuciyar mai faɗa a ji. Wannan aiki yana da gaggawa, domin hujjar da aka hana kaka ƙuri'a da ita jiya, da ita ake cire jikanya daga makaranta, da ita kuma ake hana ta gonar mahaifinta.