Ɗaukewar Sauti a Kwamfutar Tebur Mai Amfani da Linux: Matakan Gano Matsala ga Mai Nazarin Harshe da Adabin Baka a Illela

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsalar ɗaukewar sauti a kwamfutar tebur da ke aiki da buɗaɗɗiyar babbar manhaja ta Linux, tare da la'akari da yanayin da mai bincike ke aiki a cikinsa a garin Illela na Jihar Sakkwato. An bayyana hawa huɗu da sauti ke bi kafin ya iso kunne, sannan aka jera matakan gano inda ya maƙale, daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya. Manufar ita ce a kare muryoyin da aka ɗauko a fagen bincike daga salwanta ta hanyar gyaran gaggawa. An kuma gabatar da wasu kalmomin fannu da za su sauƙaƙa koyar da wannan darasi da Hausa.

Fitilun Kalmomi: sauti, Linux, karin harshe, adabin baka, Illela

1.0 Gabatarwa

Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Kalmar "kuka" a takarda tana iya nufin zubar da hawaye, tana iya nufin bishiya. Haka "gari" yana iya zama mazaunin jama'a, yana iya zama na tuwo. Kunne ne kaɗai ke raba gardama. Ke nan ga mai nazarin tsarin sauti ko karin harshe ko waƙar baka, muryar da ya naɗo ita ce hujjarsa, rubutun da ya yi daga baya kuwa inuwarta ce kawai.

Illela na daga cikin wuraren da wannan batu ya fi fitowa fili. Garin yana kimanin kilomita 80 arewa da birnin Sakkwato, yana fuskantar Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar, kuma babbar kasuwarsa ta dabbobi da hatsi tana tara Sakkwatawa da Gobirawa da Adarawa wuri guda. A nan ake jin siffofin Hausar yamma kamar "hwaɗa" a maimakon "faɗa" da "zamna" a maimakon "zauna". Wanda ya yini a kasuwa ko a ƙauyukan Kalmalo da Araba yana naɗar hira, in ya zauna gaban kwamfuta ya tarar ta yi gum, aikinsa ya tsaya cik. Babban haɗarin shi ne abin da kan biyo baya: a ɗauki kwamfutar a kai wa mai gyara, shi kuma ya share rumbun ajiya ya ɗora sabuwar manhaja, muryar tsohon da watakila ba za a sake samun sa a raye ba ta tafi ke nan.

2.0 Dalilin Komawa ga Linux

Linux babbar manhaja ce da Linus Torvalds ya fara a shekarar 1991, kuma kowa na da izinin amfani da ita da duba ƙirarta da rarraba ta. Tana zuwa da sigogi daban-daban kamar Ubuntu da Debian da Fedora da Linux Mint. Kamfanin Microsoft ya tsayar da ranar 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ƙarshen tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10, alhali tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Ga ɗalibin da ya sayi kwamfutar gwanjo, Linux mafita ce da ba ta buƙatar kuɗin lasisi. Daɗin daɗawa, manyan kayan aikin mai nazarin harshe duk suna aiki a kanta: Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam don auna sauti, da ELAN ta Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen don daidaita rubutu da murya, da Audacity don yanka da tace abin da aka naɗa.

3.0 Hanyar da Sauti Ke Bi

Kafin a nemi ɓataccen abu sai an san hanyar da ya saba bi. Sauti a Linux yana ratsa hawa huɗu:

i. Manhajar sauraro: wadda ta buɗe fayil ɗin, kamar Praat ko Audacity ko VLC.

ii. Mai rabon sauti: manhajar da ke karɓar sauti daga manhajoji da yawa ta haɗa, ta zaɓi mafitar da za ta tura shi. An daɗe ana amfani da PulseAudio, wadda Ubuntu ta ɗauka a 2008. Daga baya PipeWire ta maye gurbinta, a Fedora daga 2021, a Ubuntu kuwa daga sigar 22.10.

iii. Direban sauti: sashen ƙwayar manhaja da ke magana da na'ura kai tsaye, wanda ake kira ALSA.

iv. Kayan ƙarfe: katin sauti da ke jikin babban allon kwamfuta, da ramukan jona waya, da wayar kanta, da lasifika ko na'urar sawa a kunne.

Idan hawa ɗaya ya yanke, sakamakon iri ɗaya ne, wato shiru. Shi ya sa ba a gane cutar daga alamarta kawai, sai an bi hawa-hawa.

4.0 Matakan Gano Matsala

4.1 Killace Muryoyi

Mataki na farko ba gyara ba ne. A kwafe dukkan muryoyin da aka naɗo zuwa filashi ko rumbun waje, a cire shi a ajiye gefe. Ɗaukewar sauti ba ta taɓa fayil, amma gyaran da aka yi cikin ruɗu yana iya taɓa shi.

4.2 Tabbatar da Lafiyar Fayil

A buɗe fayil ɗin a Audacity a dubi zanen igiyar sautinsa. Idan zanen yana hawa da sauka, murya na nan, laifin na kwamfuta ne. Idan miƙaƙƙen layi ne, mai yiwuwa tun a fage ba a naɗi komai ba. A nan gani ya kori ji. Wani lokaci kuma nau'in fayil ɗin ne manhajar ba ta gane ba, musamman muryoyin da aka turo ta WhatsApp ko aka naɗa da ƙaramar wayar hannu. Ana juya irin waɗannan zuwa WAV da umarnin:

ffmpeg -i hira.opus hira.wav

4.3 Kayan Ƙarfe

Kwamfutar tebur, saɓanin ta tafi-da-gidanka, galibi ba ta da lasifikar kirki a jikinta. A bayanta akwai ramuka masu launi: kore na lasifika, ruwan hoda na makirufo, shuɗi na shigo da sauti daga wata na'ura. A wurin da ake yawan kwance kaya saboda ɗaukewar wuta ko komawa kan janareta, jona waya a ramin da ba nata ba kuskure ne mai saurin aukuwa. A gwada lasifikar da wayar hannu domin a tabbatar tana da rai.

Ƙura ma tana da nata rabon. Hazon hunturu a wannan yanki yana shiga kowane rami. A cikin ramin gaba akwai ɗan makunnin da ke sanar da kwamfuta cewa an jona na'urar sawa a kunne, ita kuma sai ta rufe ramin baya. Idan datti ko tsatsa ya danne makunnin, kwamfuta za ta ɗauka kullum akwai abu a jone, lasifikar baya ta yi shiru ba tare da ta lalace ba. A kashe kwamfutar, a hure ramin da busasshiyar iska, a sake gwadawa.

4.4 Zaɓin Mafita

Wannan na daga cikin sanannun dalilai. Wayar VGA hoto kaɗai take ɗauka, amma HDMI tana ɗaukar hoto da sauti. Idan aka sauya allon kallo zuwa mai HDMI, mai rabon sauti yana iya karkatar da murya zuwa allon, ko da allon ba shi da lasifika. A buɗe saitin sauti, ko manhajar pavucontrol, a duba mafitar da aka zaɓa, a mayar da ita kan katin cikin kwamfuta. A wannan manhaja kuma ana ganin ƙarfin muryar kowace manhajar sauraro daban, domin yana yiwuwa ita kaɗai aka toshe wa baki. Idan kuwa babu abin da ya bayyana sai rubutun "Dummy Output", ma'anarsa mai rabon sauti bai ga kati ko ɗaya ba, sai a gangara hawan ƙasa.

4.5 Direban Sauti

A buɗe tagar umarni a rubuta:

aplay -l

Wannan zai jero katunan da ALSA ta gani, kowane da lambarsa. Idan katin ya fito, sai a rubuta alsamixer, a danna F6 a zaɓe shi. Ginshiƙai za su bayyana, kowane da alama a ƙasansa: "MM" na nufin a toshe yake, "00" na nufin a buɗe. Harafin M ne ke buɗewa da rufewa. A kula da ginshiƙan Master da PCM da Front da Headphone. A nan ne kuma ake samun Auto-Mute Mode, wato saitin da ke rufe ramin baya idan an jona abu a gaba. Kashe shi yana magance matsalar makunnin da ƙura ta danne. Bayan an gyara, a adana da umarnin sudo alsactl store domin kada saitin ya koma yadda yake idan an sake kunna kwamfuta.

Daga nan sai gwajin da ke raba hawa biyu na sama da biyu na ƙasa:

speaker-test -D plughw:0,0 -c 2 -t wav

Lambobin biyu su ne na kati da na'urar da aplay ta nuna. Idan aka ji murya tana fita ta hagu da ta dama, kayan ƙarfe da direba lafiya lau suke, laifin yana sama.

4.6 Mai Rabon Sauti

Umarnin pactl info yana nuna wanda ke aiki, PulseAudio ko PipeWire. Idan PipeWire ce, a sake tayar da ita da:

systemctl --user restart pipewire pipewire-pulse wireplumber

Idan PulseAudio ce, a rubuta pulseaudio -k, za ta mutu ta sake tashi da kanta. Idan hakan bai yi ba, a sauya wa jakar ~/.config/pulse suna, domin yankewar wuta bagatatan tana iya lalata fayilolin saiti da ke cikinta, kuma manhajar za ta ƙirƙiri sababbi.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da masu nazarin harshe. Idan aka saita Audacity ko Praat ta riƙa magana da katin kai tsaye, tana iya riƙe shi ita kaɗai, sauran manhajoji su rasa hanya. Umarnin fuser -v /dev/snd/* yana fallasa wadda ta riƙe. Maganin shi ne a rufe ta, a sauya mafitarta zuwa "default" ko "pulse".

4.7 Idan Ba a Ga Katin Ba

Idan aplay ta ce babu kati, a rubuta lspci | grep -i audio. Idan katin ya fito a nan, direba ne bai hau ba. Hakan kan faru bayan sabunta ƙwayar manhaja, kuma ana gane shi ta hanyar tayar da kwamfuta da tsohuwar ƙwaya daga jerin zaɓin GRUB. Idan bai fito ba, a shiga saitin BIOS a duba ko an kashe sautin cikin allo, domin kwamfutar gwanjo tana zuwa ne da saitin tsohon mai ita.

Gwaji na ƙarshe shi ne a tayar da kwamfutar daga filashi mai ɗauke da Linux, ba tare da an ɗora ta a rumbu ba. In sauti ya fito, saiti ne ya lalace. In bai fito ba bayan duk matakan da suka gabata, ana kyautata zaton katin ya ƙone, abin da hauhawar wuta kan jawo. Ko a nan ba a jefar da kwamfuta. Ƙaramin katin sauti na USB yana maye gurbinsa, kuma galibi Linux tana gane shi da zarar an jona.

5.0 Batun Kalmomin Fannu

Kalmomin da aka yi amfani da su a nan iri biyu ne. Akwai na aro da suka riga suka zauna a bakin jama'a, kamar kwamfuta da lasifika da filashi da direba, waɗanda babu hikima a ƙoƙarin korar su. Akwai kuma ƙirƙirarru kamar "mai rabon sauti" da "ƙwayar manhaja" da "tagar umarni" da "mafita", waɗanda aka gina bisa aikin da abin ke yi. "Mai rabon sauti", alal misali, an gina ta ne a kan tsarin "mai" da ke nuna ma'abocin aiki, kamar yadda ake cewa mai rabon abinci. Su kuwa umarnai ba a fassara su, domin kwamfuta ba ta karɓar su sai da ainihin harufansu. Ya rage ga masana a Sashen Nazarin Harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da takwarorinsa su auna waɗannan kalmomi, su tabbatar da masu dacewa, su musanya waɗanda ba su zauna ba.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa shirun kwamfuta alama ɗaya ce mai dalilai da yawa, kuma galibinsu na saiti ne ko na jona waya, ba sa buƙatar share rumbu ko sayen sabuwar na'ura. Tsarin da aka shimfiɗa shi ne: a killace muryoyi, a tabbatar da lafiyar fayil, a duba waya da rami, a duba mafita, sannan a bi direba da mai rabon sauti, a ƙare da BIOS da gwajin filashi. Ana ba da shawarar mai bincike a Illela da makamantanta ya tanadi kwafi biyu na kowace murya tun ranar da ya naɗe ta, ya riƙa rufe kwamfutarsa da ƙyalle lokacin hunturu, ya jona ta ta na'urar daidaita wuta, ya kuma ajiye katin USB da filashin gwaji a jakarsa kafin ya fita fage, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Haka kuma zai kyautu sassan Hausa su sanya wannan darasi cikin kwas ɗin dabarun bincike, kusa da darasin yadda ake hira da yadda ake naɗar murya.